Tsakanin raɗa da tsawa: wace manhaja ce ke kawo kiɗan kilasik yadda yake?

A simfoni na shida na Tchaikovsky (simfoni dogon kiɗa ne mai kashi-kashi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa), wanda aka fara kaɗawa a Rasha a 1893, akwai wani wuri a kashin farko da duk makaɗa ke lafawa, a bar mai busa ɗaya tak. A takardar kiɗan an jera masa harafin p har guda shida, ma'ana ya sassauta busar har ta kusa ɓacewa. Mai sauraro yana cikin kasa kunne, yana bin zaren sautin da ya rage, sai dukan makaɗan su faɗo masa gaba ɗaya kamar aradu.

Duk sanda gardama ta tashi kan wace manhaja ce ta fi kyan sauti, Spotify ko Apple Music ko Tidal ko Qobuz, wannan wurin nake tunawa. A nan ne kiɗan kilasik ya sha bamban da waƙoƙin da muka saba ji a waya. Waƙar zamani ana gyara ta a sutudiyo yadda ƙarfinta zai tafi kusan daidai daga farko har ƙarshe, don a ji ta a mota, a shagon aski, a cikin hayaniyar kasuwa. Shi kuwa tsohon kiɗan Turai, wanda ake yi da goge manya da ƙanana, da sarewa da kakaki da fiyano, ba tare da lasifika ba, ransa yana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Yana kuma cikin amsa-kuwwar zauren da aka naɗe shi, wannan wutsiyar sauti da ke ci gaba da shawagi bayan makaɗa sun ɗaga hannu. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san akwai wani ɗan kaushi da izga ke yi a kan tsirkiya. Ba ya cikin karin waƙar, amma idan aka cire shi gogen ya tashi daga goge. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne masu son wannan kiɗa ke tsoron manhaja ta zubar a hanya.

Ma'aunin da kowa ke komawa gare shi shi ne faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982. A CD ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo kuma ana rubuta shi da bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta). Lamba ta farko ita ke yanke iyakar siririn sautin da faifan zai ɗauka, wato rabinta, kimanin kaɗawa 22,000 a sakan. Kunnen matashi mai lafiya iyakarsa 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Lamba ta biyu ita ke yanke tazara tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, kimanin desibel 96 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Idan aka haɗa na kunnen dama da na hagu, bayanan da ke wucewa sun kai kilobit 1,411 a sakan.

Wannan kaya ne mai nauyi ga intanet, musamman a shekarun baya. Sai injiniyoyi suka samo hanyoyi biyu na rage shi. Hanya ta farko ita ce a zubar da abin da ake ganin kunne ba zai ji ba. Idan ana buga ganga kusa da kai ba ka jin tafiyar agogon hannunka, ko da yake bai tsaya ba. A kan wannan ɗabi'ar kunne aka gina MP3 da AAC da Vorbis: suna duba kowane ɗan guntun sauti, su cire abin da wani sauti mai ƙarfi ya danne, su aiko da sauran. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Zan kira wannan ragaggen sauti. Hanya ta biyu ita ce a naɗe kayan sosai kamar yadda ake ninke tufafi a akwati, idan an isa a warware su cif yadda suke. FLAC da ALAC haka suke yi, kuma sukan mai da nauyin kusan rabi. Wannan shi ne cikakken sauti, wanda a saitin manhajoji za ka ga an rubuta masa Lossless.

Ragaggen sauti yana da wuraren da asirinsa ke tonuwa, kuma da yawansu a kiɗan kilasik suke. Akwai harpsichord, kakan fiyano, wanda ake tsinkar tsirkiyarsa maimakon a buga ta. Akwai tafin jama'a a ƙarshen wasa, wanda idan an rage shi da yawa sai ya koma kamar ruwa na zuba a kwano. Akwai bugu mai kaifi da ke fitowa daga cikin tsit, inda wani ɗan hazo kan riga bugun fitowa. Sai kuma wutsiyar amsa-kuwwa, wadda takan gutsure kafin ta mutu da kanta. A kilobit 96 ko 128 waɗannan aibobi ana jin su ba sai an yi wahala ba. Amma idan aka hau 256 na AAC ko 320 na Vorbis, labari ya canza. A nan mafi yawan mutane, har da masu kayan sauti na kirki, ba sa iya rarrabe ragagge da cikakke idan aka ɓoye musu wanne ne wanne. Ina faɗin wannan ne a matsayin wanda ya fi son cikakken, domin gaskiyar magana ba ta rage masa daraja.

To, wa ke ba da me? Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, yana kaiwa kilobit 160 ga mai sauraro kyauta, 320 ga mai biya. A 2021 ya yi alƙawarin cikakken sauti, bai fara cikawa ba sai Satumban 2025, inda ya soma raba FLAC mai kaiwa bit 24 da awo 44,100 ga masu biya a wasu ƙasashe. Apple Music yana da AAC 256, kuma tun Yunin 2021 ya ƙara cikakken sauti ba tare da ƙarin kuɗi ba, har zuwa bit 24 da awo 192,000. Tidal da Amazon Music da Qobuz na Faransa su ma suna kaiwa wannan ƙololuwa, sai dai Qobuz a ƙasashe ƙalilan yake aiki, mafi yawansu a Turai. Deezer da Idagio sun tsaya a matakin CD. YouTube Music har yau ragagge yake bayarwa, iyakarsa 256.

Tidal ya daɗe yana amfani da wani tsari mai suna MQA, wanda masu shi suka ce yana cusa sauti mai zurfi a cikin ƙaramin fayil. Masana da dama sun nuna cewa ba cikakke ba ne a ma'anar da aka sani. Kamfanin MQA ya durƙushe a 2023, Tidal kuma ya koma FLAC, ya sauke MQA gaba ɗaya a 2024. Duk tsohon sharhin da ke kwatanta Tidal da sauran kafin wannan lokaci, wani abu dabam yake aunawa.

Yanzu mun zo inda gardamar ta fi zafi kuma ta fi rashin tushe. Za ka ji mutum ya rantse cewa cikakken sautin manhaja kaza ya fi ɗumi, na manhaja kaza ya fi kaifi. Amma cikakke sunansa cikakke. Idan kamfanin faifai, misali Deutsche Grammophon ko Decca, ya aika fayil guda ga manhajoji uku, kuma duka ukun suka kawo shi ba tare da ragi ba, lambobin da ke isowa wayarka iri ɗaya ne sak. FLAC ba shi da ɗanɗano, ALAC ma haka. Idan ka ji bambanci, kuma sau da yawa bambancin na gaske ne, to daga wani wuri ya fito. Wurare uku ne aka fi samunsa: ko dai ba bugu ɗaya (wato fitowa ɗaya ta naɗin) kake saurara ba, ko ƙarfin sautin bai zo daidai ba, ko kuma wani saiti yana taɓa kiɗan a ɓoye.

Maganar bugu ita ce babba, kuma ita aka fi mantawa. Naɗin kiɗan kilasik da ya shahara yakan fito sau da yawa, kowane karo wani injiniya ya koma kan tef na asali ya sake gyarawa. Wani ya goge shuuu ɗin tef har ya haɗa da hasken goge, wani ya bar shi. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya naɗi Goldberg Variations na Bach sau biyu a sutudiyo, a 1955 da 1981. Na 1981 an fitar da shi ne daga na'urar dijital ta farkon zamani. A 2002 da Sony za su sake fitar da shi, sai suka ɗauko tef ɗin da aka naɗa a gefe a lokacin zaman, suka yi amfani da shi. Makaɗi ɗaya, zama ɗaya, yatsu ɗaya, amma sauti biyu. Wanda ya kunna bugu ɗaya a wannan manhaja, ya kunna ɗayan a waccan, zai ji bambanci, sai ya ɗora wa manhaja abin da ba nata ba. Haka zancen yake ga wasannin Ring na Wagner da Georg Solti ya jagoranta a birnin Biyana na ƙasar Austriya tsakanin 1958 da 1965, waɗanda Decca ta sake gyarawa fiye da sau ɗaya. A ganina tazarar da ke tsakanin bugu mai kyau da bugu marar kyau ta fi tazarar da ke tsakanin kowace manhaja biyu nesa ba kusa ba. Inda aka kafa makirufo a zaure, da hannun injiniyan da ya zauna a kan na'ura, su suka riga suka yanke mafi yawan abin da za ka ji tun kafin a haifi intanet.

Sai zancen manyan lambobi, bit 24 da awo 96,000 ko 192,000, waɗanda ake tallatawa da sunan Hi-Res. A sutudiyo suna da amfani na gaske, domin suna ba injiniya sarari ya yi gyara ba tare da kurakurai sun taru ba. A kunnen mai sauraro kuwa amfaninsu yana da wuyar kamawa. Yi lissafi da kanka. Ɗaki mai tsit da dare yakan kai desibel 30. Idan ka ɗora desibel 96 na CD a kai, ka wuce 120, matakin da ke cutar da kunne. Ke nan raɗar Tchaikovsky da tsawarsa duk sun shiga cikin bit 16 har da saura. Tef ɗin shekarun 1950 da 1960 ma tazararsa ba ta kai ta CD ba, don haka zuba shi a bit 24 ba zai haifar da abin da babu ba. A 2007 Meyer da Moran sun gwada masu sauraro ɗaruruwan karo, suna sauya musu tsakanin sauti mai manyan lambobi da wanda aka mayar matakin CD, amsoshin da suka dace suka tsaya a kusan rabi, daidai da canki-canki. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18, ya ga akwai ɗan bambanci da ake iya ganowa, ƙanƙani ƙwarai, wanda ke ƙaruwa idan an horar da mai sauraro. Iyakar abin ke nan.

Ko da ma akwai bambancin, tambaya ita ce zai iso kunnenka? Nan ne karin maganar nan ta rijiya ta bayar guga ya hana ta zauna daram. Bluetooth ba ya da faɗin da zai ɗauki sautin CD yadda yake a yawancin na'urori, don haka wayar kan sake rage kiɗan kafin ta tura shi. SBC, tsarin rage sauti na Bluetooth wanda kusan kowace na'ura ke da shi, yana tsayawa wajen kilobit 328. AirPods a kan Bluetooth AAC suke amfani da shi. LDAC na Sony yana kaiwa 990, ya yi kusa amma bai cika ba, kuma idan sigina ta yi rauni yakan sauka. Wanda ya kunna fayil mai awo 192,000 ya tura shi ƙaramar sifikar Bluetooth ya ƙona datarsa ne kawai. Mafita mai sauƙi ita ce hedifon mai igiya, ko dai ta ramin wayar kai tsaye, ko ta ƙaramar na'urar nan da ake kira DAC, wadda ake soka wa a wurin caji tana juya lambobi zuwa sauti. iPhone ba ya wuce awo 48,000 sai da irin wannan na'ura, wayoyin Android da yawa kuma sukan mai da komai 48,000 kafin ya fita. Wannan juyi ba abin tayar da hankali ba ne, amma ya kamata mai neman manyan lambobi ya san cewa alamar da ke kan allo ba ita ce ke shiga kunnensa ba.

Saituna kuwa, uku ne ke yi wa kiɗan kilasik illa. Na farko daidaita ƙarfin sauti. Manhajoji sukan ja waƙoƙi duka zuwa mataki guda don kada wata ta firgita ka bayan wata. Ga waƙar minti uku wannan taimako ne. Ga simfoni kuwa, idan aka daidaita kowane kashi shi kaɗai, kashin da aka tsara ya zama mai sanyi zai taso ya yi kafaɗa da mai tsawa. Spotify yana daidaita kundi gaba ɗaya idan ka kunna shi a jere, wanda shi ne daidai, amma zaɓinsa na Loud yana danne kan sauti mai ƙarfi, kuma abin da aka danne shi ne tsawar da ka zo ji. Ni dai kashe wannan saiti nake yi, in riƙe ƙarfin da hannuna. Na biyu, shigar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, da kuma ɗan tsayawar da ke shiga tsakanin waƙoƙi. A simfoni na biyar na Beethoven kashi na uku yana kwarara ne cikin na huɗu ba numfashi: ganga tana bugawa a hankali, goge suna hawa, sai kakaki su buɗe. Tsit na rabin sakan a wannan gaɓa ya fi kowane ragin kilobit ɓarna. A kashe Crossfade, mai shigar da waƙa cikin ta gaba, a tabbata Gapless, mai cire tsayawar, yana kunne inda akwai shi. Na uku Dolby Atmos, wanda ke sa ka ji kamar kiɗan ya kewaye ka. Wannan sabon haɗi ne dabam da na asali, kuma yadda ake turo shi ta intanet ragagge ne. Akwai naɗin da ya yi wa kyau sosai, musamman na manyan mawaƙan coci, akwai wanda ya mai da makaɗa can nesa. A Apple Music yakan kunna kansa idan ka sa wasu hedifon, sai mutum ya zaci cikakken sauti yake kwatantawa alhali wani haɗi yake ji.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta gyara, wato ɗakin da kake zaune. Boléro na Ravel, na 1928, yana farawa da ƙaramar ganga da kyar ake jin ta, ya yi ta hawa kusan minti 15. Idan janareton maƙwabci yana aiki, ko fanka tana juyawa a kanka, mintunan farko sun tafi, komai yawan bit. Za ka ƙara ƙarfi don ka ji farkon, ƙarshen ya zo ya fasa maka kunne. Shi ya sa hedifon mai rufe kunne ruf, da zaɓen lokaci, bayan isha'i ko da sassafe, sukan ƙara wa sauraro abin da sauya manhaja ba zai ƙara ba.

Ga mai sayen data da kuɗinsa lissafin ba wasa ba ne. Simfoni na tara na Beethoven yakan ci wajen minti 70. A AAC 256 wannan kimanin megabait 135 ne. A matakin CD cikakke yakan kai 300 zuwa 400. A ƙololuwar Hi-Res, bisa ƙiyasin Apple na megabait 145 ga kowane minti uku, ya haura gigabait 3. Kuma idan sabis ya yi rauni, fayil mai nauyi shi ke fara tsayawa, ko manhaja ta sauke inganci ba tare da ta faɗa maka ba. Gara a sauke kiɗan a waya a inda akwai intanet mai ƙarfi, a saurara daga baya.

Inda manhajoji suka bambanta da gaske shi ne wajen nemo abin da kake so, kuma wannan yana komawa kan sauti kai tsaye. An gina yawancinsu ne a kan mawaƙi, waƙa, kundi. Kiɗan kilasik kuwa yana da wanda ya tsara, da aikin kansa, da kashi-kashinsa, da madugun makaɗa, da ƙungiyar makaɗan, da shekarar naɗi. Simfoni na biyar na Beethoven kaɗai yana da naɗi ɗaruruwa. Wanda ke neman na Carlos Kleiber da makaɗan Biyana na 1974 ba ya son a miƙo masa wani tarin da aka yi wa suna kiɗan kwantar da hankali. Herbert von Karajan ya naɗi simfonin Beethoven tara ɗin nan sau uku a faifai da makaɗan Balin, a farkon shekarun 1960, da tsakiyar shekarun 1970, da kuma shekarun 1980, kowanne da sautinsa. Manhajar da ba ta nuna shekara ta bar ka cikin duhu. Idagio, wanda aka kafa a Balin a 2015, an gina shi ne don wannan matsala. Apple ya sayi Primephonic a 2021, ya fito da Apple Music Classical a Maris na 2023, inda kake shiga ta sunan aiki ka ga naɗe-naɗensa a jere. Qobuz yakan haɗa da ɗan littafin da ke cikin kwalin faifai, inda ake rubuta zauren da aka yi naɗi da sunan injiniya. Wannan bayani shi ke kai mutum ga bugu mai kyau. Idagio kuma yana biyan makaɗa ne bisa sakan ɗin da aka saurara, abin da ya fi adalci ga kashin da ke cin minti 25, tunda a tsarin ƙirga waƙa-waƙa shi da waƙar minti uku ɗaya suke.

Idan ɗan'uwa ya tambaye ni, abin da nake ce masa shi ne ya zaɓi manhajar da ke aiki a ƙasarsa, mai ba da matakin CD cikakke, mai nuna masa naɗi da shekararsa. Kuɗin da ya rage ya sa a hedifon mai igiya. Cikakken sauti nake so ba don kullum ina jin bambancinsa ba, sai don yana cire shakka ɗaya daga hanya, idan wani abu ya yi kaushi na san daga naɗin ne ko daga kayana.

Wanda kuma yake son ya gwada kunnensa, hanyar a buɗe take, amma tana da sharaɗi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to a nan gani ɓata ji yake yi: da zarar ido ya ga alamar Hi-Res, kunne ya fara jin abin da aka yi masa alƙawari. Ka samu naɗi ɗaya, bugu ɗaya, a manhajojin biyu. Ka kashe Atmos da daidaita ƙarfi da duk wani gyaran sauti. Ka daidaita ƙarfin biyun sosai, domin wanda ya ɗara ƙarfi ko da kaɗan ne kunne yakan ce shi ya fi kyau. Sannan ka ba wani wayar ya riƙa sauyawa kana juya baya, sau goma ko fiye, yana rubuta amsarka. Ka zaɓi wuri mai wuya: harpsichord shi kaɗai, ko tafin ƙarshen wasa, ko wannan busa ta Tchaikovsky mai p shida, daga inda ta fara dusashewa har zuwa inda aradun ya faɗo.